Waƙoƙi tara a katin waya: abin da na ji a faifan mai jitar unguwarmu

Da kuɗina na sayi faifan nan, jika biyu har da katin, kuma ban yi da-na-sani ba. Waƙoƙi tara ne, duka-duka ba su wuce minti arba'in ba. Uku daga ciki suna cikin mafi kyawun abin da kunnena ya ji daga bakin ɗan Maraɗi a 'yan shekarun nan. Huɗu suna da daɗin saurare. Biyu kuwa da ya bar su a gida da ya fi.

Mai waƙoƙin matashi ne, kafinta, bai kai shekara talatin ba. Da rana yana shago yana fere katako, da dare yana riƙe da jita a fadarsu. Shi ya rubuta baitocin, shi ya tsara kiɗan, shi ya rera, shi ya biya kuɗin situdiyo da abin da ya tara na aikin gado da kujeru. Ba shi da kamfani, ba shi da ubangida. Ya roƙe ni kada in sa sunansa a intanet, domin gidansu gidan malamai ne kuma kawunsa bai riga ya sauko ba a kan wannan harka, ni kuma na ɗaukar masa alkawari. Wanda ke zaune a garin nan kuma yake zagaya fadojin samari bayan isha'i ba zai sha wahalar gane shi ba.

Ni tela ne, shagona yana kusa da babbar kasuwa. Mai ɗinki kunnensa a buɗe yake wuni guda, ƙafa na kan keke, hannu na kan yadi, rediyo ko 'yar sifika na gefe. Na tashi da kiɗan gurmi da kalangu da goge, na ji zamanin kaset, na ji zamanin da waƙoƙin fina-finan Kano suka cika kowane shago, da fiyano da muryar da na'ura ta gyara. Shi ya sa da yaran shagona suka fara kunna waƙa ta biyu ta faifan nan a wayarsu, nan take na ji abin ya bambanta. Murya ce ta mutum, da kaushinta, da inda numfashi ke yanke masa. Jitar katako ce ke jan ragamar, sai ganga ta shigo a hankali, sai can tsakiyar waƙa jitar lantarki ta ɗaga kai ta yi kuka ta koma.

Ɗana da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo shi ya gaya mini sunan salon: fok-rok. Ya ce a Amurka aka fara shi wajen tsakiyar shekarun 1960, lokacin da masu waƙar gargajiya, waɗanda suka saba tsayawa su kaɗai da jitar katako suna ba da labari, suka haɗa da ganguna da jitar lantarki. Ya ba ni labarin Bob Dylan, wanda ya hau dandali a bikin Newport a watan Yuli na 1965 da jitar lantarki, wasu daga cikin masoyansa suka yi masa ihu suna ganin ya ci amanar gargajiya. Na ji labarin, na gode masa. Sai dai ni abin da kunnena ke ji a yatsun yaron nan ya fi kusa da gida. Yadda yake maimaita gajeren kiɗa ɗaya a ƙarƙashin magana, yana komawa kansa bayan kowane baiti, hannun mai gurmi ne. Yadda yake ɗaukar talaka guda ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe kuwa ya tuna mini da marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015. Jitar lantarkin ce kawai nake jin ƙamshin arewa a cikinta, irin ta Abzinawa, kuma shi ma bai musa ba, ya ce a wajen wani Ba'abzine mai gadi ya fara koyon riƙe ta.

Waƙa ta biyu ita ce ta fara kama ni. Labarin kafinta ne da ya daɗe yana neman yarinya, iyaye sun sani, unguwa ta sani, amma kuɗin akwati da sadaki suka gagare shi shekara bayan shekara, har wani mai hali ya fito aka ba shi. Wannan labari kowa ya san shi, an rera shi sau ba adadi. Abin da ya sa nasa ya fita daban shi ne, a cikin waƙar, mahaifin yarinyar da kansa ya zo shagon ya ba da aikin gadon amarya, domin ya san babu mai yi masa aiki mai kyau da rangwame kamar wannan yaro. Kuma ya karɓa. Baitocin tsakiya duk a kan aikin suke: yadda ya zaɓi katakon da ba ya da ido, yadda ya goge shi har ya yi santsi don kada sartse ya soke ta, yadda ya ƙara ƙusa a inda ba a biya shi ya ƙara ba. Bai zagi yarinyar ba. Bai kira ta mai kwaɗayi ba, bai yi wa angon habaici ba, bai yi wa iyayenta Allah ya isa ba. Mu da muke ɗinka kayan aure mun san irin wannan. Na sha ganin saurayi ya leƙo shago ya ga atamfofin wadda yake so a kan teburina, na wani ne ya kawo, ya gaishe ni ya juya ba tare da ya faɗi abin da ya kawo shi ba.

Baitin ƙarshe na wannan waƙa shi ne inda imani ya shigo, kuma ya shigo ta ƙofar da ban zata ba. Ya je ɗaurin auren, ya zauna a tabarma cikin jama'a, an shafa fatiha, bakinsa ya ce amin tare da kowa. Sai ya gaya wa Ubangiji gaskiya: harshena ya riga ya yarda, zuciyata tana baya ba ta iso ba, ka jira ni da ita, ka kawo ta inda harshen ya kai. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, jitar ce ta ci gaba ita kaɗai har waƙar ta mutu.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya ba faifan darajarsa. Yawancin waƙoƙinmu na baƙin ciki suna gaggawar kai mutum ga haƙuri. Baiti ɗaya na kuka, sai a ce haka Allah ya so, sai amshi ya ɗauka da murna kamar an gama. Maganar gaskiya ce, haka Allah ya so. Amma wanda abin ya sama ya san akwai tafiya mai nisa tsakanin ranar da ka faɗi haka da ranar da ƙirjinka ya daina zafi, kuma a cikin wannan tafiyar mutum yakan ji kunyar kansa, yana zaton imaninsa ne ya yi rauni. Yaron nan ya zauna a tsakiyar tafiyar ya yi waƙa. Yana salla, yana kuka, kuma bai ga cewa ɗaya ya kore ɗaya ba.

Waƙa ta biyar, ta rasuwar mahaifiyarsa, ita ce mafi nauyi, kuma ba na iya kunna ta idan shago ya cika. Babu ganga a cikinta sam. Ya fara da daren ƙarshe a likita: ƙarin ruwa na ɗiga, shi yana zaune a ƙasa ya jingina da ƙafar gado, an miƙo takardar magani ya fita da gudu ya tare kabu-kabu, ya zagaya neman kantin maganin da ke buɗe da tsakar dare, ya dawo da leda a hannu ya tarar an ja mata zane har kai. Ledar maganin nan ta bi shi har ƙarshen waƙar. Ya kasa mayar da ita, ya kasa ba wani, tana rataye a ƙusa a ɗakinsa. Sannan zaman makoki: mutane suna shigowa layi-layi, kowa da "sai haƙuri", shi kuma yana amsa "haƙuri ya zama dole" har muryarsa ta dushe. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, an naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa. Ranar Juma'a ya fito daga masallaci ya tsaya wajen mai goro ya sayi fari guda biyu kamar yadda ya saba kai mata, sai da ya kai ƙofar gida ya tuna.

Uwar 'ya'yana ta rasu shekarun baya, bayan doguwar jinya. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Zan dai ce ranar da na fara jin baitin goron nan sai da na tsayar da keke na fita bayan shago, domin ni ma na daɗe ina ware mata ƙyallen yadi mai kyau idan ya ragu, irin wanda take so ta yi kallabi da shi, bayan ba ta nan.

Akwai masu cewa irin wannan waƙa tana tayar da mikin da ya kamata a bari ya warke, wai kuma tana kusa da rashin yarda da ƙaddara. Ban yarda da su ba, kuma dalilina ba daga kaina yake ba. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce haƙuri mai kyau, yana nan a aya ta 18 da ta 83 ta Suratu Yusuf. A aya ta 84 kuma idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, a ta 86 ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Mutum ɗaya ne, haƙurin nasa ne, hawayen ma nasa ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya bayyana cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau shekarar baƙin ciki ake kiran ta a littattafan tarihi. Na saurari waƙa ta biyar da kunnen mai neman laifi, ban ji inda yaron ya tuhumi Ubangijinsa ba. Ƙara yake kaiwa, kuma inda ya dace yake kai ta.

Batun halaccin kiɗa kuwa ba hurumina ba ne, tela ba ya ba da fatawa. Malamai sun daɗe da saɓani a kai, kuma a Maraɗi masu ganin a nisance shi gaba ɗaya suna da yawa, cikinsu har da aminaina da muke sahu ɗaya da su. Ina girmama su, kuma wanda ya tsaya a kan wannan ra'ayi ba na ce masa ya saya. Abin da zan iya shaida shi ne ladabin da na gani a faifan. Bai ɗora ayar Alƙur'ani a kan kiɗa ba ko sau ɗaya. Babu batsa, babu siffanta jikin mace. Ba bege ba ne, ba wa'azi ba ne, kuma bai yi da'awar shi malami ne ba.

Yanzu ga inda aka samu tangarɗa, kuma tana da yawa.

Ɗaukar sautin ba ta kai waƙoƙin ba. Shadda ce mai kyau ta faɗa hannun ɗan koyo. Mawaƙin ya gaya mini yawancin aikin an yi shi ne a ƙarshen 2023, bayan Najeriya ta yanke wa ƙasarmu Nijar wuta a watan Agusta na shekarar sakamakon juyin mulkin 26 ga Yuli, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinmu daga can yake zuwa. Kowa a garin nan ya tuna yadda aka sha duhu. Da janareta aka yi ɗaukar, kuma idan ka sa abin kunne za ka ji gurnaninsa a ƙarƙashin waƙa ta uku da ta biyar, musamman inda jita ta yi shiru. Wannan na yafe, ba laifin kowa ba ne. Abin da ban yafe ba shi ne gangar. Ta kwamfuta ce, kuma an ji. Bugunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba ta jiran mawaƙi idan ya ja numfashi, ba ta rage gudu idan magana ta yi nauyi. A waƙa ta huɗu da ta shida ta danne muryar har sai ka matsa kusa da sifika kafin ka tsinci kalmomin, alhali kalmomin su ne abin da ka biya kuɗi dominsa. A garin da masu kalangu da masu kiɗan ƙwarya suke ko'ina, wannan asara ce. Ƙarfin sautin ma bai daidaita ba, wata waƙar sai ka ƙara, ta gaba ta zo ta firgita ka. Kuma a kan katin babu sunayen waƙoƙi, lambobi ne kawai.

Waƙa ta bakwai da Faransanci ya yi ta, an kuma bi muryar da na'urar gyara har ta koma irin ta kowa. Na fahimci yana son 'yan Yamai su saurare shi, amma duk abin da ya sa shi ya zama shi ya ɓace a ciki. Ta takwas yabon wani mai kuɗi ce da ya taimaka masa da wani abu, jerin kirari da sunayen 'ya'ya. Godiya abu ne mai kyau, sai dai wurinta ba nan ba ne, tsakanin waƙar uwa da waƙar da ke biye.

Domin ta tara, ta ƙarshe, ita ce ta uku a cikin manyan. A kan abokinsa take, wanda ya tafi haƙar zinariya wajen Ɗan Isa bai dawo ba. Mutanen jihar nan ba su manta da watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, mutum aƙalla 18 suka rasu. A nan ne kaɗai ya saki jitar lantarki ta yi yadda take so, kuma a nan ne na gane amfanin haɗin nan da ɗana ya ba ni labari: akwai zafin da jitar katako ba ta iya ɗauka. Abokin ya tafi ne don ya tara kuɗin aure da na rufin ɗakin tsohuwarsa kafin damina. Waƙar tana lissafa abin da ya bari: babur da bai gama biya ba, buta da tabarmar salla a bakin rami, lambar waya da har yanzu mawaƙin bai goge ba. Amshin addu'a ce gajeriya, Allah ya sa ƙasar da ta rufe shi ta zame masa rahama, kuma a nan ya kawo abokansa na fada su huɗu ko biyar suna amsawa, muryoyinsu ba su daidaita ba, wani ya riga wani. Gara da aka bar shi haka.

Na tambayi mawaƙin ranar da na je karɓar katin ko abin yana kawo wani abu. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, wanda ya saya ɗaya ne, wanda ya ji ɗari ne." Gaskiya ya faɗa. Mutum guda ya saya, kafin magariba ya tura wa fada duka ta Xender ko Bluetooth, gobe masu tura waƙoƙi na bakin kasuwa sun zuba ta cikin dubban wasu suna ba da ita a kan dala ashirin, ko sisi ba ya isa hannun mai ita. Na san wannan hanya ta taɓa ɗaga wasu. Mai jitar nan Mdou Moctar na jihar Tawa a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, ta wayoyi da katuna suka bazu cikin Sahara kafin Turawa su ji su neme shi. Amma mutum nawa ne irin wannan sa'ar ke samu? Intanet ma ba ta cika ciki ba. Ɗana ya ce Spotify, dandalin sauraren waƙa na intanet, ya iso Nijar tun 2021, sai dai daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba a biyan mai ita komai a kanta, kuma mutanenmu ƙalilan ne ke sauraren waƙa ta can, kuɗin data ya ishe su. Akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, na kuma ba mawaƙin shawara ya je ya yi rajistar waƙoƙinsa tun kafin wani ya ɗauki ta biyu ya sa mata fiyano ya ce tasa ce.

Na ce wa mawaƙin, "Ɗana, in Allah ya hore maka, ka sake ɗaukar ta huɗu da ta shida da mai ƙwarya na gaske, ka cire ta bakwai da ta takwas." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, in an samu hali." Halin nan kuwa daga aljihun masu saurare zai fito. Wanda ya zo da wayarsa ko katinsa jika ɗaya yake karɓa, wanda ke nesa yana iya aika masa kuɗin ta kamfanin Nita ko Amana ya turo masa ta WhatsApp. Yaran shagona da suka fara samun waƙoƙin kyauta na sa kowannensu ya kai masa abin da ya sawwaƙa, kuma sun kai.

Wanda ke neman kiɗan biki ko abin da zai sa a mota ya yi ta rawa, wannan faifai ba nasa ba ne. Wanda ya yi rashi kwanan nan kuma, ina ba shi shawara ya fara da ta biyu, ya bar ta biyar sai ranar da yake shi kaɗai kuma ba ya da aikin gaggawa a gabansa.